Ƙauyen da Teku ke Shiga ta Gaba da ta Baya: Nazarin Tsibirin Saibai a Mashigin Torres, 1947 zuwa 2025

Wurin da mutanensa

Tsakanin ƙurewar arewacin Ostireliya da kudancin Papuwa Niyu Gini akwai wani mashigin teku da ake kira Torres, faɗinsa kimanin kilomita 150. Tsibirai fiye da 270 ne warwatse a cikinsa, amma waɗanda mutane ke zaune a kansu ba su kai 20 ba. Ƙauyen da wannan nazari ya bi yana kan tsibirin Saibai, ɗaya daga cikin tsibirai uku na can ƙuryar arewa. A takarda ƙasar Ostireliya ce, a ƙarƙashin jihar Queensland, wadda ta haɗe tsibiran a 1879. A ido kuwa, wanda ya tsaya bakin ruwa gaɓar Papuwa Niyu Gini yake kallo, tazarar kilomita 4 kacal, tafiyar 'yan mintuna a ƙaramin jirgi mai inji.

Tsibirin ba ƙarami ba ne, ya kai murabba'in kilomita 108, sai dai kusan dukkansa fadama ce da kurmin itatuwan nan masu tsirowa cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje kamar ƙafafu. Ba dutse ba ne, ba kuma murjani ba. Laka ce da kogunan Niyu Gini suka kwaso suka jibge a teku tsawon zamani. Wurin da ya fi ko'ina tudu mita 1.7 ne a kan matsakaicin bakin teku. Wato dogon namiji in ya tsaya daidai inda ruwa ke tsayawa, kansa ya ɗara ko'ina a tsibirin.

Gidajen suna jere ne a kan wani siririn tudu a gaɓar arewa maso yamma: teku a gaba, fadama a baya. Akwai makaranta, da shago, da ɗakin shan magani, da ƙaramin filin jirgin sama, da wata coci da mutanen garin suka gina da hannunsu, suna ƙona murjani su sami farar ƙasa, aka kammala ta a 1938. Ƙidayar 2016 ta sami mutum 465 a tsibirin, ta 2021 ta sami 340. Harshensu Kalaw Kawaw Ya ne. Abincinsu na gado kifi ne da kaguwa da kififiya da ayun teku, sai rogo da doya da gwaza da dankali daga gonakin bayan gari.

Shekararsu iska biyu ce ke raba ta. Sager tana busowa daga kudu maso gabas a lokacin rani. Kuki kuma tana zuwa daga arewa maso yamma da damina, daga wajen Disamba zuwa Afrilu, kuma ita ce ke turo ruwa kai tsaye bakin ƙofar garin. A watannin Janairu da Fabrairu, lokacin da jan wata da na rana suka fi ƙarfi a kan teku, ake samun babbar tumbatsa ta shekara. In tumbatsar ta haɗu da Kuki da ruwan sama a rana ɗaya, ruwa ya shiga gari ke nan.

1947 zuwa 1954: ruwa ya shiga, wasu suka tashi

Matsalar ta girmi maganar sauyin yanayi. A 1947 tumbatsa mai ƙarfi ta mamaye garin, ta lalata gidaje da gonaki, gishiri ya shiga ruwan sha. Lokacin kuwa mazan tsibirin ba su daɗe da dawowa daga Yaƙin Duniya na Biyu ba, inda suka yi soja a bataliyar da aka kafa daga 'yan tsibiran Torres. Aikin soja ya kai wasunsu ƙurewar Cape York, a babban tudun Ostireliya, sun ga ƙasa mai tudu da ruwan daɗi. Da dattawa suka zauna shawara, maganar can ce ta taso.

Wani shugabansu mai suna Bamaga Ginau ne ya ja gaba. Iyalan da suka yarda su tashi suka yi amfani da jiragen ruwa biyu irin na masu nutso neman lu'ulu'u, Millard da Macoy, suka riƙa kwashe mutane da kaya suna tsallake mashigin. Zangon farko shi ne Muttee Heads, inda sojoji suka bar 'yan gine-gine bayan yaƙi. A 1948 gwamnatin Queensland ta keɓe musu fili a yankin. Amma Muttee Heads bai riƙe su ba, domin ruwan sha bai wadata ba. Sai aka nemi wani wuri a cikin tudu kusa da rafuka, da amincewar mutanen Injinoo, waɗanda ƙasar tasu ce tun kaka da kakanni. Bamaga Ginau ya rasu a 1949 bai ga sabon garin ba, aka sa wa garin sunansa. Zuwa 1954 ƙaura ta kammala. Wani reshe na masu ƙaurar ya zauna a bakin ruwa kusa da nan, wurin da daga baya aka raɗa wa suna Seisia, daga haruffan farko na sunayen wasu 'yan'uwa shida.

Bamaga na nan har yau, da mutum sama da 1,000, ruwan famfonsa daga kogin Jardine. Ba kowa ne ya tashi ba. Waɗanda suka zauna a tsibirin suka gyara abin da ya gyaru suka ci gaba da rayuwa, kuma jikokinsu ne sauran wannan labari ya shafa.

1972 zuwa 1999: rigimar iyaka ta ƙara ɗaure su da ƙasar

Da Papuwa Niyu Gini ta doshi samun 'yancin kai, wanda ta samu ranar 16 ga Satumba 1975, sai tambaya ta taso: ina za a ja layi a teku? Gwamnatin Ostireliya ta Firayim Minista Gough Whitlam ta nuna sha'awar a matso da iyakar kudu, zuwa tsakiyar mashigin, abin da zai jefa wannan tsibiri da maƙwabtansa cikin sabuwar ƙasar. Mutanen tsibiran suka ce ba su yarda ba, takensu shi ne kada a taɓa iyaka, gwamnatin Queensland ta Joh Bjelke-Petersen ta mara musu baya.

Abin da aka cimma shi ne Yarjejeniyar Mashigin Torres, aka sa hannu ranar 18 ga Disamba 1978, ta fara aiki a Fabrairu 1985. Tsarinta baƙo ne. Layin da ya raba ƙasan teku ya bi ta kudu da tsibirin, amma tsibirin kansa ya ci gaba da zama na Ostireliya, da ruwansa na mil 3 a kewaye. Aka kuma ba 'yan asalin yankin na ɓangarorin biyu damar tsallakawa ba fasfo ba biza don harkokin gado: ziyarar dangi, biki, jana'iza, musayar kaya. Ƙauyuka 13 na gaɓar Papuwa ke cin wannan dama. Shi ya sa da safe akan ga jiragensu sun faka bakin garin, mata sun shimfiɗa tabarmi da kwanduna da kaguwa suna jiran mai saye, jami'an kula da shigowar cututtukan dabbobi da tsirrai suna duba kaya.

A 1999 kuma, shekara bakwai bayan shari'ar Mabo, wadda a cikinta kotun ƙolin Ostireliya ta fara amincewa da haƙƙin 'yan asali a kan ƙasarsu ta gado, kotun tarayya ta tabbatar wa mutanen tsibirin mallakar ƙasarsu ta gado. Wannan duk ba maganar ambaliya ba ce kai tsaye, amma ya sauya lissafi. Mutanen da suka yi gwagwarmaya aka bar musu tsibirinsu a inda suke so, sannan kotu ta ce nasu ne, ba a zo musu da maganar tashi cikin sauƙi. Ita ma gwamnati tana da amfani da garin da ke raye a bakin iyakarta.

Zuwa 2012: tsohuwar katanga da maƙabarta

Dabarun da garin ya daɗe yana dogaro da su ba su da yawa. Ana ɗora gidaje a kan dirkoki domin ruwa ya wuce ta ƙasa. Akwai tsohuwar katanga a bakin ruwa. In tumbatsa ta matso, a cika buhunan yashi. Sun yi aiki muddin ambaliyar ta kasance baƙuwa mai zuwa jefi-jefi.

Ma'aunai sun nuna abin da ya sauya. Daga 1993 zuwa 2019 tekun mashigin Torres ya riƙa hawa da kimanin santimita 6 a kowace shekara goma, wanda ya zarce matsakaicin duniya nesa ba kusa ba. Jimilla bai wuce tsawon tafin hannu ba, santimita 15 ko 16. A gari mai tudu ba wanda zai lura. A wurin da duk tsayinsa bai kai mita 2 ba, wannan ɗan ƙari shi ne bambanci tsakanin tumbatsar da ke tsayawa a bakin katanga da wadda ke haurawa. Tsohuwar katangar ta tsattsage, ruwa yana bi ta samanta da ta ƙarƙashinta, yana kwanciya a tituna da ƙarƙashin gidaje.

A Janairu 2012 ruwan ya shiga maƙabarta ya lalata kaburbura. Sai an san matsayin kabari a wurin mutanen Torres za a gane nauyin abin. Bayan an binne mamaci, dangi kan ɗauki lokaci mai tsawo suna tara kuɗi su gina masa dutsen kabari, sannan a yi babban taron buɗe shi, 'yan'uwa su zo daga garuruwa masu nisa. Mutum kan je kabarin iyayensa ya gaya musu abin da ke damunsa. Ruwan da ya ture alamun kaburbura ya bar iyalai suna laluben inda nasu yake. A shekarar ce gwamnatin tarayya ta yi alkawarin dalar Ostireliya miliyan 12 don katangun teku a yankin.

2014 zuwa 2018: ganuwa

Kuɗin bai zama aiki nan take ba. Sai a 2014 aka tsayar da shiri na dala miliyan 26.2, haɗin gwiwar tarayya da Queensland, da niyyar ya taimaki tsibirai shida masu fama da ruwa. Wannan gari aka sa a gaba saboda shi ya fi shiga haɗari.

Aikin da aka kammala a 2017 kashi biyu ne manya. Ta gaba, katangar teku mai tsawon sama da kilomita 2, don karya igiyar ruwa da tare tumbatsa. Ta baya, jinga mai tsawon kimanin kilomita 2, don hana ruwan fadama zagayowa. Aka kuma kare maƙabarta. Ma'ana, an yi wa garin ganuwa. Kuɗin da aka kashe dala miliyan 24.5 ne. In aka raba shi da mutum 465, kowane kai ya tashi sama da dala 52,000. Tsadar ba abin mamaki ba ce: tsibirin laka ba shi da dutsen gini, don haka kaya da injuna duk sai jirgin ruwa ya kawo su daga nesa, kuma damina tana tsayar da aiki. Illar ita ce gari ɗaya ya lashe kusan dukkan kuɗin tsibirai shida.

Tsugune ba ta ƙare ba. Ƙasa da wata shida da kammalawa, a tumbatsar farkon 2018, ruwa ya sake samun hanya ya shiga. Daminar ce kuma ta yi wa tsibirin Iama ɓarna, ɗaya daga cikin waɗanda ke jiran tasu katangar.

Yadda ganuwa irin wannan ke aiki yana da sarƙaƙiya. Garin da aka kewaye ya zama kamar kwano. Ruwan saman da ya sauka ciki dole ya fita ta kwalbatoci, kuma kwalbatocin suna da murfi mai buɗewa waje ɗaya, ruwa ya fita amma kada na teku ya shigo. Lokacin da teku ya cika, murfin a rufe yake, ruwan sama ba shi da mafita sai teku ya janye. In yashi ko tarkace ya maƙale a bakin murfi, ruwan gishiri ya biyo ta nan. Gaba kura, baya sayaki. Sannan akwai hanyar da ba katangar da ke tare ta, wato ƙarƙashin ƙasa. Laka tana tsotsar ruwan gishiri, yana tasowa a gonaki daga ƙasa. Rogo da gwaza ba sa jure gishiri. Gonakin da ke wajen ganuwar kuwa ko wannan ɗan kariyar ba su samu ba. Iyalin da gonarsu ta mutu sun koma dogaro da shago, inda kowane buhun shinkafa sai da ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita a jirgi.

2019 zuwa 2025: an kai ƙara

A 2019 gwamnatocin biyu suka sake ware dala miliyan 40 don zagaye na biyu na katangu a sauran tsibiran. Boigu, maƙwabcin wannan tsibiri, ya sami tasa a 2022, ta kimanin dala miliyan 15.

A shekarar 2019 ɗin kuma, a watan Mayu, mutum takwas daga tsibiran Boigu da Poruma da Warraber da Masig suka kai ƙarar Ostireliya gaban Kwamitin Kare Haƙƙin Ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya. A Satumba 2022 kwamitin ya ce an tauye musu haƙƙin gida da iyali da na al'ada, yana nuni da jinkirin da aka yi wajen gina katangu. Bai yarda an tauye haƙƙin rayuwa ba. Kuma hukuncin kwamitin ba ya tilasta wa gwamnati kamar na kotun cikin gida.

Don haka aka gwada kotun gida. A Oktoba 2021 dattawa biyu, Pabai Pabai na Boigu da Paul Kabai na wannan tsibiri, suka shigar da ƙara a kotun tarayya a madadin jama'ar Torres. Hujjarsu ita ce gwamnati tana da nauyin kare su, kuma ta yi sakaci ta fuska biyu: wajen tsayar da adadin hayaƙi mai ɗumama duniya da ƙasar za ta rage, da wajen samar da kuɗin katangu. Sun ɗauki darasi daga shari'ar Urgenda ta Holan, inda kotun ƙoli a 2019 ta tilasta wa gwamnati rage hayaƙi. A Yuni 2023 kotun ta tashi takanas ta zauna a tsibiran. Alƙali da lauyoyi suka taka da ƙafa suka ga katanga da maƙabarta da gonakin da gishiri ya cinye, dattawa suna nuna musu inda gaɓa take a lokacin ƙuruciyarsu.

Ranar 15 ga Yuli 2025 Mai Shari'a Michael Wigney ya yanke hukunci. Ya yarda da kusan duk abin da suka faɗa game da ɓarnar da sauyin yanayi ke yi wa tsibiran. Ya kuma samu cewa adadin rage hayaƙin da gwamnati ta tsayar a 2015 da 2020 da 2021 bai yi la'akari na gaske da mafi ingancin binciken kimiyya ba. Duk da haka ya kori ƙarar. Dalilinsa: wannan manufar gwamnati ce, dokar sakaci ba ta kai can ba, kuma asarar al'ada, abin da mutanen ke kira Ailan Kastom, ba ta cikin asarorin da wannan doka ke biyan diyyarsu a yadda take yanzu. Kafin shekarar ta ƙare dattawan suka ɗaukaka ƙara.

Abin da ya yi aiki, da wanda bai yi ba

Ganuwar 2017 ba asara ba ce, ko da yake labarin ɓallewarta ya fi labarin amfaninta yawo. An yi ta ne don igiyar ruwa da tumbatsar da ke zuwa ta sama, kuma a wannan fanni ta rage wa gidaje da tituna da kaburbura duka. Inda ta gaza shi ne inda ba a gina ta don shi ba: gishirin ƙarƙashin ƙasa, da gonaki da wuraren gado da ke bayanta. Kuskuren da ya fi girma ba na injiniya ba ne, na lokaci ne da na kasafi. Shekara biyar ta wuce tsakanin ambaliyar maƙabarta da kammala aiki, kuma an yi kasafin tsibirai shida da kuɗin da da ƙyar ya wuce na ɗaya. Katanga mai nauyi a kan laka, da murafen kwalbati da ke toshewa, abu ne mai neman gyara kowace shekara, alhali kuɗin yana zuwa ne zagaye-zagaye, bayan an yi ta roƙo.

Ƙaurar 1947 ita ce kaɗai matakin da ya raba waɗanda suka ɗauke shi da ambaliya har abada, kuma dalilan nasararta a fili suke. Mutanen ne suka yanke shawara da kansu, shugabansu ne ya ja su, sun tafi dangi-dangi ba ɗaiɗai ba, masu ƙasar da suka tarar sun karɓe su, kuma da zangon farko ya gaza saboda ruwan sha aka sami damar sake wuri. Akwai wani dalilin da ba a cika faɗa ba: sun iya tafiya da kwanciyar hankali ne domin wasu sun zauna. Kaburbura suna da mai share su, tsibiri yana nan ana komawa biki da jana'iza. Ƙaura ta biyu, in ta zo, ba za ta bar kowa a baya ba, don haka kwatanta ta da ta farko bai cika daidai ba. Wannan ne ya sa nake ganin masu cewa "ai sun taɓa tashi, su sake mana" ba su karanta lamarin da kyau ba.

Shari'a kuwa an yi ba a yi ba. Ba ta kawo ko buhun siminti ɗaya ba. Amma ta mayar da abin da dattawa suka daɗe suna faɗa ya zama abin da kotun tarayya ta tabbatar a rubuce, bayan ta saurari masana na ɓangarorin biyu, kuma da shi aka tafi kotun gaba.

Iyakar da ta ba garin daraja a idon gwamnati ita ce kuma ta yanke inda taimako ke tsayawa. Shirin katangu na tsibiran Ostireliya ne kawai. Sigabadaru, ƙauyen Papuwa da ke tsallaken kilomita 4 ɗin nan, wanda mutanensa ke kawo kaguwa da tabarmi kasuwar bakin ruwa, yana kan gaɓar teku ɗaya, yana karɓar tumbatsar Janairu ɗaya, amma sunansa ba ya cikin kasafin miliyan 26.2, ba ya cikin na miliyan 40.